Bijimin da Ilu Ya Zana Ta Kowane Gefe

A Maigatari akwai wani mutum, Ilu Mai Fenti. Sana'arsa zane a jikin manyan motoci: zaki, shaho, bishiyar dabino, da irin rubutun da direbobi ke so a bayan bodi. Hannunsa ba laifi. Bakinsa ne ya fi hannun aiki. In ya zana zaki guda, sai ya yi mako yana ba da labarin zakin a teburin mai shayi.

Wata rana wani direba mutumin Damagaram, ana ce masa Dogo, ya kawo masa tsohon littafin Faransanci. Ba shi da bango, rabinsa ma an yage an naɗe kilishi. Abin da ya rage duk hotunan zane ne. Ilu ya buɗe, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Wannan hatsarin mota ne?"

"Mutum ne riƙe da garaya irin tasu," in ji Dogo, don shi ya ɗan taɓa makaranta a can, inda ake ce wa malam mushe. "Mushe Ilu, ga abin da aka rubuta. Shekara ɗari da wani abu da suka wuce, wasu masu zane a Faransa suka ce ido gefe ɗaya kawai yake gani. Sai su ɗauki abu, su farfasa shi a ransu gunduwa-gunduwa, su dubi kowane yanki ta gaba, ta baya, ta sama, ta ƙasa, sannan su shimfiɗa su duka a allo ɗaya. Kuma ba ruwansu da launi mai ƙyalli. Daga ruwan toka sai ruwan ƙasa, don kada launi ya ɗauke wa mai kallo hankali."

Ilu ya sake duban hoton. Can ya ce, "Abin da na daɗe ina tunani ke nan. Sun dai riga ni bugawa a littafi."

Da Abdurra'uf mai shayi ya fara. Ya zana masa butar shayi a allo kyauta: bakinta a gabas, murfinta a yamma, gindinta a tsakiya, hannu uku. Aka rataya. A makon nan mutum biyu suka kawo wa Abdurra'uf gyaran janareto, wata tsohuwa ta kawo keken ɗinki. Ya sauke allon, ya jingina shi gefen murhu yana tare masa iska.

"Buta ƙaramin abu ce," in ji Ilu. "Ilimin ya fi ƙarfinta. Abu mai rai nake bukata."

Abu mai rai kuwa yana gidansa. Matarsa Murja tana sayar da tuwo a bakin kara, wato kasuwar dabbobi, ranar kasuwa. Da ribar tuwon ta sayi ɗan maraƙi fari mai baƙin kunne, ta turke shi, ta yi ta ɗawainiya har ya zama bijimi. Shi ne dukiyarta kaf. Niyyarta ta sayar da shi ta rufe ɗakinta da kwano kafin damina, don ɗakin yoyo yake.

Ran Talata Murja ta tafi kai niƙa. Ilu ya dubi turken, ya ga wurin ya yi ƙunci, ba halin zagaya bijimi. Ya kwance shi, ya ja shi fili bayan gida, ya ɗaure shi a jikin tumfafiya. Ya zagaya shi ta dama, ya zagaya ta hagu, ya tsuguna, ya miƙe. Sai ya tuna Abdurra'uf bai san an fara babban aiki ba. Ya ce bari ya je ya gaya masa a tsaye. A zaune ya gaya masa, da shayi kofi biyu. Da ya dawo ya tarar da ramin tumfafiya. Ita kanta tumfafiyar ta bi bijimin.

Ya bi sawu har bakin kwalta, sawu ya ɓace. Ya dawo gida yana tari tun daga zaure.

"Malam, ina bijimina?" in ji Murja.

"Ya ɗan fita."

"Ya fita. Sallama ya yi maka?"

"Murja, ki bar ni in yi miki bayani. Aikin ilimi ne ya..."

"A jikin me ka ɗaure shi?"

"Itace."

"Wane itace?"

"Tumfafiya ma ai itace ce."

Murja ta ajiye ƙwaryar gari a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi ba Ilu tsoro ke nan.

"Jibi Alhamis," ta ce. "In wani ya tsince shi ya shigar da shi kara, kafin rana ta faɗi yana cikin tirela, ya kama hanyar Kudu. Ka je wurin Sarkin Kara ka ba da cigiya da bakinka kamar kowa. Ƙanena Nasrullahi yana da hotonsa a waya, ka tafi da shi."

"Ta wane gefe ya ɗauke shi?"

"Ina ruwana da gefe? Ta hagu, ina jin."

"To kin gani. In ɓarawon ya tsayar da shi ta dama fa? Hoton waya rabin bijimi ne. Ni zan zana miki shi gaba ɗaya, gaba da baya, ciki da doro, a allo ɗaya. Duk ta inda mutum ya hango shi zai gane shi. Ba a taɓa irin wannan cigiya ba daga nan har Gumel."

"Malam, in bijimin nan ya hau mota, kai ma ka nemi motar da za ka hau."

Bai je wurin Sarkin Kara ba. Bai nemi Nasrullahi ba. Ya sayo faifan katako mai faɗin ƙofa, ya dama fentin toka da na ƙasa. Da ya ɗauki buroshi sai ya ga wata matsala: bai riƙe kamannin bijimin ba. Shekara da shekaru yana wuce shi a tsakar gida, bai taɓa tsayawa ya dube shi ba sai ran da ya ɓatar da shi. Amma Ilu ba ya rasa mafita. Ya ce ai kunne kunne ne, ƙaho ƙaho ne. Gobe jajiberin kasuwa, shanu za su cika kara. Zai ɗebo yankunan a can.

To, duk wanda ya tashi cikin dabbobi ya san kowane gida da shaidarsa. Wasu tsaga kunne suke, wasu lalas a cinya da ƙarfe mai zafi, fatake kuma su shafa fenti a tozo. Da shaidar ake sanin mai dabba, da ita ake kama ɓarawo. Ilu cikin motoci ya tashi. Shi a wurinsa duk wannan ado ne.

Ran Laraba ya shiga kara da kwali da gawayi. Ya fara da wani bijimi na Hamma, Bafulatani daga wajen Sule Tankarkar. Kunnen bijimin da tsaga biyu a baki, ɗaya a gindi. Ilu ya kama kunnen, ya leƙa ciki, ya leƙa baya, ya kwafe tsagar tsaf.

"Kaɗo, saye za ka yi ko leƙe?" in ji Hamma.

"Nazari nake."

"A kunnen sa? To me ya gaya maka?"

"Ba za ka gane ba, ɗan Fulani. Abin daga Faransa yake."

"Shi ma daga Faransa aka ce ka taka masa kashi?"

Ilu ya goge takalminsa a ƙasa, ya yi gaba. Ya sami bijimin Cindo, wani makiyayi daga Gagarawa, mai lalas kamar sawun kaza a cinya. Ya kwafe. Sannan ya ce dole ya ga ciki ta ƙasa. Ya tattare riga, ya rarrafa ƙarƙashin bijimin, ya kwanta rigingine. Bijimin ya sha ruwa sosai da safen nan. Ilu ya fito a jiƙe daga hula har wuya.

"Ka ga abin da kake nema?" in ji Cindo.

"Na gani."

"Shi ma ya gan ka."

Tozo kuwa na wani bijimin Alhaji Manu ya ɗauka, falke daga Gumel, wanda ke sa wa dabbobinsa da'ira da sanda a tsakiya. Saura kallo ta sama. Ilu ya hau bodin wata tirela da ke tsaye, ya leƙo, ya ƙara leƙowa, katako ya zame. Ya faɗo ta ɗaya gefen, cikin raƙuma. Yana kwance yana nishi ya ga gwiwar wani raƙumi dab da hancinsa. Ya ce bai taɓa ganin kusurwa mai kyan wannan ba. Ita ma ya kwafe.

Ran Alhamis da hantsi ya kafa allonsa a ƙofar kara, kusa da rumfar Sarki. A sama ya rubuta da manyan baƙaƙe: CIGIYA. AN SACE WANNAN BIJIMI. DUK WANDA AKA GANI DA SHI ƁARAWO NE. A ƙasa ga zanen. Ido uku, ɗaya yana kallon sama. Ƙaho a inda ya kamata a ga wutsiya. Kunne a tsakiyar ciki, cinya a kan tozo, sauran duk ɓalli-ɓalli kamar an fasa tulu an baza. Farin bijimin Murja ya koma ruwan toka da ruwan ƙasa.

Mutane suka taru.

"Taswirar filaye ce? Rabo za a yi?"

"A'a, mahauta ne ke tallan nama. Ga cinya can."

"Malam Ilu, wannan bijimin kafin mota ta buge shi ne ko bayan ta buge shi?"

Ilu ya hau kan buhun dusa, ya ɗauki kara yana nuni. Ya ce idonsu ne bai waye ba. Ya ce wannan bijimi ne na gaskiya, ba irin na waya ba. Ya ce a Faransa sai an cire takalmi kafin a kalli irinsa. Wani dillali ya ce shi ma zai cire nasa, amma don ya gudu.

Cikin masu saurare akwai Zayyad, shugaban 'yan sintirin kara. Sabo ne a muƙamin, ga sabuwar riga, ga usur, amma bai taɓa kama kowa ba, abin yana damunsa. Ya matso, ya karanta rubutun sama, ya daɗe yana duban na ƙasa.

"Malam Ilu, dole sai dabbar ta yi kama da allon nan duka?"

"Ka fi su kai," in ji Ilu. "Ba dole ba ne. Kowane yanki a nan gaskiya ne, da idona na gan shi. In ka ga ɗaya, ka ga bijimin."

"Wannan kunnen mai tsaga uku fa?"

"Nasa ne."

"Da sawun kazan nan?"

"Duk nasa ne."

Zayyad ya busa usur, yaransa suka bazu cikin kara.

Ba a jima ba sai ga su. Na farko yana jan bijimin Hamma, Hamma na biye da sanda a kafaɗa. Na biyu yana jan na Cindo, Cindo da 'yan'uwansa suna biye. Na uku ya kawo na Alhaji Manu, wanda aka sauko da shi daga bakin tirela ana gab da lodawa, Alhajin yana tafe babbar riga na jan ƙasa. Can baya kuma wani ya taho da raƙumi, da Buzu mai rawani yana magana da yarensa, ba mai ji, amma kowa ya gane.

"Ga ɓarayin an kama," in ji Zayyad, yana haki. "Su huɗu."

Ciniki ya tsaya. Direbobi suka kashe mota suka zo kallo. Ilu ya nemi sauka daga buhun ta baya, ya tarar mutane sun rufe.

Sarkin Kara ya fito daga rumfarsa, tsoho ne mai gajeren gemu, ba ya son hayaniya kafin ya ci abinci. Ya ce a yi magana ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Hamma, ya ɗora bakin sandarsa a kan kunnen da ke allon, "wannan tsagar ta kakana ce. Daga nan har Damagaram an san ta. Yau ga ta a ƙofar kasuwa, an rubuta ɓarawo a kanta."

"Lalas ɗin gidanmu ne wannan," in ji Cindo. "Jiya na bar shi ya shiga ƙarƙashin bijimina don na zaci taɓaɓɓe ne."

"Ni shekara nawa ina lodi a nan," in ji Alhaji Manu, "ba a taɓa sauke mini dabba daga mota ba sai yau."

Buzun ya nuna gwiwar raƙuminsa, ya nuna allon, ya nuna Ilu, ya kama ƙotar takobinsa. Ba a nemi tafinta ba.

Sarki ya juya. "Ilu, bijimi nawa aka sace maka?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"Na wa ka zana?"

"Ranka ya daɗe, a wannan ilimin ba a cewa na wane. Ana farfasa siffa ne, a yi nazarin kowane..."

"Bijimin naka wane launi ne?"

"Fari."

"Wannan fa?"

"Launi yana ɗauke hankali, ranka ya daɗe."

"Naka dai ya ɗauku. Kuma wa ya ce maka sace shi aka yi?"



Sarki ya sa aka mayar wa kowa dabbarsa, amma ba wanda ya tafi. Sannan ya ce, "Da ka zo ka ba da cigiya kamar mutane, da tuni an gama. Akwai dabbobin tsintuwa a bayan rumfar nan. Wanda ba a sami mai shi ba yau, da yamma za a kora shi Gumel, sai kuma an yi zaman shaidu. A fito da su."

Aka fito da shanu huɗu, aka jera. Duka farare, duka masu baƙin kunne.

"Nuna naka," in ji Sarki. "Sau ɗaya za ka nuna. In ka ɗora hannu a kan dabbar da ba taka ba, kai ne ɓarawon da allonka ke nema."

Ilu ya matso. Ya dubi shanun, shanun suka dube shi. A dunƙule suke, kowanne da kansa a gaba, wutsiya a baya, ba ta inda zai kama. Ya roƙi a juya masa su. Aka juya. Ya roƙi a sake juyawa. Ya haɗa yatsu ya yi 'yar taga, ya leƙa ƙahon wannan, ya leƙa kofaton wancan. Ya rufe ido ɗaya. Ya ja da baya har ya taka ƙafar Buzu.

"Malam Ilu, ko a kawo maka tsani?" wani ya ce.

"Ko a yanka su, ka gane naka a faranti?"

Ilu ya gyara hula. Ya tako da ƙarfi kamar mai shirin karɓar kyauta, ya dafa ta biyu daga dama.

"Wannan ne. Kusurwar tozon ba ta ɓuya."

 Hamma ya sunkuya, ya leƙa, ya ɗago.

"Kaɗo, jiya ka iya shiga ƙarƙashi. Yau ma ka ɗan shiga."

Ilu ya sunkuya. Ga hantsa cike da nono. Saniya ce, har da ciki.

Dariyar da aka yi sai da raƙumin ya firgita. Alhaji Manu ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa yana share hawaye. Ilu ya ce, "Ta wannan gefen ne kawai take saniya," amma ba wanda ya ji shi. Zayyad ya riga ya damƙe masa wuyan riga, fuskarsa cike da murna, don yau dai ya kama na gaske.

Sai mutane suka dare. Murja ce, labari ya kai mata a rumfar tuwo. Tana ɗauke da tsohuwar fanteka da ƙanzo a ciki, da muciya a hannu. Ta durƙusa ta gai da Sarki. Ko kallon mijinta ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, bijimin nawa ne. A ba ni izini."

"Kina da shaida?"

"Shi zai bayar."

Ta koma can bakin ƙofa, ta buga muciya a fanteka, kamar yadda take yi kullum in za ta ba shi abinci. Na ƙarshe a layin ya ɗaga kai. Ta sake bugawa. Ya fizge igiya daga hannun mai riƙonsa, ya miƙe sak. Allon Ilu ne a tsakaninsu. Bijimin bai zagaya ba. Ya shiga ta tsakiyar zanen, ya fita ta baya, katako ya tarwatse, ya je ya tusa kai a fanteka.

"An ba da shaida," in ji Sarki. "Kama abinki, Murja. Zayyad, sake shi, ɓarawo ya fi wannan dabara."

Zayyad ya saki rigar ba da son ransa ba.

"Kai kuma Ilu, ka ɓata sunan mutum huɗu a bainar jama'a. Za a ba ka lasifikar sankira. Ka faɗa da bakinka cewa ba ɓarayi ba ne, kai ne ba ka san bijimin gidanka ba. Ka faɗa a ƙofar gabas, ka faɗa a ta yamma, da kudu, da arewa. Tunda gefe ɗaya ba ya isar ka, ka hau tirela ka faɗa ta sama. Ta ƙasa na yafe maka."

Haka aka yi. Hamma da Cindo suka raka shi da sandunansu don kada ya tsallake wata ƙofa, Buzu yana biye a kan raƙumi.

Da ya gama, murya ta dushe, ya dawo ƙofar kara yana tsintar gutsattsarin allonsa. Abdurra'uf mai shayi ya zo wucewa. Ilu ya ɗaga masa wani yanki mai ido ɗaya da rabin ƙaho.

"Ka gani ko? Duk garin nan bijimin ne kaɗai ya fahimci aikin. Dubi yadda ya ƙarasa shi."

Murja ta zo ta bayansa, igiyar bijimi a hannu ɗaya. Ta miƙa ɗayan.

"Kawo nan, Malam. Itacena ya ƙare."

Da su aka tuƙa tuwon yamma. Ya yi kasuwa ƙwarai. Ilu bai samu ba.